Neman taimako: John Colter ya ratsa kwarin Jackson Hole kuwa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana tarihi. Ina rubutu kan asalin garin Jackson, ƙaramin gari a kwarin Jackson Hole da ke gindin duwatsun Teton a jihar Wyoming ta Amurka, amma na cije a wuri ɗaya.

An saba cewa John Colter ne Bature na farko da ya shiga kwarin, a hunturun 1807 zuwa 1808, bayan ya rabu da tawagar Lewis da Clark, masu binciken yammacin Amurka. To amma bai bar rubutun tafiyarsa ba. Abin da ake dogaro da shi shi ne taswirar William Clark, ɗaya daga cikin jagororin tawagar, da aka buga a 1814, inda aka ja layin hanyar Colter, kuma tafkuna da kogunan cikinta ba su zauna daidai da na ƙasa ba. Sai wani dutse mai siffar kan mutum da manomi ya tono a jihar Idaho mai maƙwabtaka da Wyoming a 1931, an sassaƙa sunan Colter a gefe guda, 1808 a ɗaya gefen. Masana har yau ba su haɗu kan sahihancinsa ba, ni ma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Shin in rubuta cewa ya ratsa kwarin, ko in fara daga David Jackson, mai farautar gashin dabbobi da aka sa wa wurin sunansa? Kuma ina zan samu bayanin 'yan ƙabilar Shoshone, waɗanda suka san kwarin tun kafin zuwan su duka biyun? Don Allah wanda ya taɓa warware irin wannan ya taimaka mini.