Access ɗinmu na tafiyar hawainiya da zarar mutum na biyu ya shiga

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ofis ne a Tudun Wada mai kwamfuta shida, duk suna buɗe rumbun bayanai guda na manhajar Microsoft Access da ke kan kwamfutar akanta. Girman fayil ɗin megabait 700. Huɗu na kan waya, biyu na kan Wi-Fi. In mutum ɗaya ne a ciki, fom na buɗewa nan take. Na biyu na shiga sai a jira kusan minti guda. Data za a ƙara, ko sabuwar kwamfuta za a saya?

Injiniyan Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, kada a kashe ko kwabo kan data, babu ruwan intanet a nan. Access ba shi da injin da ke zaune a kwamfutar akanta yana tace bayanai ya miƙo amsa. Kowace kwamfuta ita ke janyo shafukan fayil ta waya ta yi lissafinta. In mutum ɗaya ne, Windows kan bar shi ya riƙe abin da ya karanta a ƙwaƙwalwar na'urarsa. Shigowar na biyu ke soke wannan rangwamen, komai ya koma bin waya.

A fara ɗaukar kwafi a ajiye gefe, sannan a raba fayil ɗin gida biyu da Database Splitter, kayan aikin rabawa da ke cikin Access. Teburori kaɗai za su zauna wurin akanta. Ɓangaren fom da rahoto kuwa, kowa a sa masa nasa a faifan kwamfutarsa. Wasu kan raba, amma su bar ɓangaren fom a jakar tarayya kowa na buɗewa daga can; an gudu ba a tsira ba ke nan.

Akwai kuma ɗan fayil na kulle mai ƙarewa da .laccdb, wanda Access ke ƙirƙira in an shiga, ya goge in kowa ya fita. Yawan ƙirƙira da gogewar nan na cin lokaci. A yi ɓoyayyen fom da ke jingine da wani ƙaramin tebur, ya buɗe tun farko ya zauna a buɗe har a tashi aiki. Sannan a sa indeks, wato jerin da ke saurin kai Access ga layin da ake nema, a duk filin da ake bincike da shi, kamar lambar rasit da kwanan wata, in ba haka ba teburin gaba ɗaya ake jawowa don neman layi guda.

Hajiyar Kongo:
Injiniya ya gama magana kan fayil, saura hanya. Biyun nan na Wi-Fi a mayar da su kan waya. Yankewar daƙiƙa ɗaya ana tsakiyar rubutu na iya lalata rumbun. A sayi suwic (akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci) na gigabit mai rami takwas da waya Cat6, kada tsawon kowace ya wuce mita 100. A duba saurin katin sadarwa a kowace kwamfuta: in ya nuna megabit 100 maimakon 1000 (wato gigabit), yawanci kan wayar ne ba a matse shi daidai ba, domin gigabit na buƙatar zare takwas duka, 100 kuwa huɗu sun ishe shi. A hana kwamfutar akanta yin barci.

Mai Gyara Sabon Gari:
Hajiya, a ƙara da wuta. Tsakanin ɗaukewa da tayar da janareta fayil ke lalacewa, don haka suwic ɗin ma a jona shi a UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ba kwamfutoci kaɗai ba. Duk Juma'a, bayan kowa ya fita an ɗauki kwafi, a yi Compact and Repair, umarnin Access na matse fayil da gyara shi, tunda Access ba ya mayar da gurbin abin da aka goge da kansa. Iyakar girman fayil ɗin Access gigabait 2 ne, kuma hotunan rasit da ake cusawa ciki su ke kumbura shi. A ajiye su a jaka daban, a rubuta adireshinsu kawai a tebur. In ma'aikata sun ƙaru, a kwashe teburorin zuwa SQL Server Express, injin rumbun bayanai na Microsoft, kyauta ne, fom ɗin Access kuma ya ci gaba da aiki a kansa.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To in aka ɗora fayil ɗin a Google Drive fa?

Injiniyan Samaru:
A'a Malam. Shi fayil sukutum yake kwafa, bai san kullen Access ba. Mutum biyu na rubutu za a samu kwafi biyu masu saɓani, aikin wani ya salwanta. Kwafin ajiya na dare kaɗai za a kai can, bayan an rufe rumbun.