Hajiya ta hana ni dirowa da laima daga jirgi, ya zan yi?

Assalamu alaikum. Ina aiki a Dubai, kuma na riga na biya kuɗin dirowa daga jirgin sama da laima, irin wadda ake ɗaure mutum a ƙirjin ƙwararre su faɗo tare. Saura kwana 12. Da na faɗa wa Hajiyarmu a waya, sai ta ce in na je ba da yawunta ba. Baba kuwa ayar Baƙara ta 195 ya jawo mini, kada mu jefa kanmu cikin halaka.

Na yi musu bayani iya iyawata. Daga tsayin ƙafa 13,000 ake dirowa, a yi kusan daƙiƙa 60 ana faɗowa kafin a buɗe laima. Akwai laima ta biyu in ta farko ta ƙi, ga wata na'ura mai buɗe ta da kanta ko da ƙwararren ya suma. Na kawo musu alƙaluman USPA, ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka, kusan mutum 1 ke mutuwa a dirowa 500,000 irin wannan. Baba ya ɗan sassauto.

Ni na ɓata lamarin da kaina. Na tura wa Yaya takardar da za a sa ni sa hannu, inda aka rubuta ƙarara cewa ana iya mutuwa, shi kuma ya karanta wa Hajiya. Kwana uku ke nan ba ta ɗaukar wayata.

Waɗanda suka taɓa dirowa, me kuka gaya wa iyayenku game da wannan takarda har hankalinsu ya kwanta?