Muhawara: Shin Hannun Fada Ne Ya Karya Cinikin Faransa a Indiya?

Malamin tarihi: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne kamfanin da Colbert, ministan kuɗin Sarki Louis na 14 na Faransa, ya kafa a 1664 domin fatauci da Indiya ya zo duniya da ciwonsa, saboda fada ce ta haife shi. An yanka masa jarin livre (kuɗin Faransa na wancan zamani) miliyan 15, sarki ya ɗauki miliyan 3, sannan aka matsa wa fadawa da attajirai su zuba nasu, da yawa ba da son ransu ba. Takwaransa kuwa, kamfanin Holan na fataucin gabas da aka kafa a 1602, fatake ne suka riƙe akalarsa.

Ɗalibar tattalin arziki: Malam, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja. Shi ma kamfanin Holan gwamnati ce ta haɗa kan masu shi, ta ba shi ikon yin yaƙi da gina sansanoni da ƙulla yarjejeniya da sarakuna. Abin da ya cuci Faransa shi ne makara ta shekara 62, da kuma yaƙe-yaƙen Turai da suke bin jiragenta har teku. A 1693 mutanen Holan suka ƙwace Pondichéry, garin gaɓar tekun Indiya da François Martin, jami'in kamfanin Faransa, ya bunƙasa tun 1674, ba a amince da mayar da shi ba sai a sulhun Ryswick na 1697.

Wani ɗan kasuwar yadi: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar 1686, wadda ta hana shigo da yadin audugar Indiya mai zane cikin Faransa domin a kare masaƙan ulu da siliki na gida. Yaya za a tura mutum fatauci, sannan a rufe masa kasuwar hajar da ta fi shiga? Ga shi Indiyawa ba su damu da kayan Faransa ba, azurfa suke karɓa, alhali aƙidar zamanin ta ce arzikin ƙasa shi ne zinariya da azurfa su taru a gida.

Malamin tarihi: Alhaji, ai ka ƙarfafa maganata. Dubi kuma yadda aka binne dukiyar shekarun farko a Fort-Dauphin ta Madagaska don kafa mazauni, aka bar wurin a 1674 ba riba. Hatta tashar cinikin da aka kafa a Surat ta Indiya a 1668, François Caron ne ya buɗe ta, mutumin da ya ƙware a hannun kamfanin Holan.

Ɗalibar tattalin arziki: Na yarda Madagaska kuskure ne, Malam. Sai dai Colbert ya rasu a 1683, saboda haka ba za a ɗora masa dokar yadi ba. Bayan garambawul ɗin da aka yi wa kamfanin a 1719 kuma yana nan a ƙarƙashin fada, duk da haka jiragensa suka riƙa cika Lorient, tashar jiragen kamfanin a Faransa, da kaya, har sai da Ingila ta ci Pondichéry da yaƙi a 1761. Idan hannun fada ne cutar, me ya sa cinikin ya bunƙasa a waɗannan shekarun?