Taƙaitawa: maganar zuwa laccocin KAUST

Salam ƴan uwa, hirar zuwa laccocin KAUST (Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah a Saudiyya) ta yi tsawo, ga abin da na tattaro don waɗanda ba su bi ba.

1. Kowa ya yarda shirin WEP (Winter Enrichment Program, shirin ƙara ilimi na lokacin sanyi) da suke yi duk watan Janairu shi ne lokacin zuwa, akwai laccoci na masana daga ƙasashe daban-daban, ga nune-nune da bukukuwan al'adu da yamma.

2. Ba a shiga haka kawai, sai an yi rajista ko wani na ciki ya gayyace ka, a taho da iƙama (katin izinin zama). Wannan an maimaita shi sosai.

3. Thuwal, garin da jami'ar take, kusan kilomita 80 ne arewa da Jidda. Ƴan Makka suka ce a haɗa kuɗin mota ɗaya, ƴan Madina kuma jirgin ƙasa na Haramain zuwa tashar KAEC (Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, kusa da Thuwal) sannan tasi.

4. A nan aka rabu. Laccocin da Turanci ake yi, wasu suka ce wanda Larabci kawai ya iya ɓata lokaci zai yi, wasu suka ce a'a ko hotunan murjanin Bahar Maliya da bayanin tace ruwan teku ka gani ai ka ƙaru, ga gidan tarihin kimiyya a Musulunci a cikin harabar. Ni dai ina tare da na biyun.

5. Kiɗan yamma ma ba a daidaita ba, masu cewa su tafi bayan Magariba sun fi yawa.

Maganar zuwa da yara ba wanda ya amsa tukuna.