Yini ɗaya gare ni a Mumbai: Regal ko Maratha Mandir?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Na kawo Baba asibiti Mumbai, an yi aiki lafiya. Ranar Asabar ƙanena zai zauna da shi. Tun ina yaro nake kallon finafinan Indiya, ina so in shiga tsohuwar silimarsu. Regal ta Colaba da aka buɗe a 1933, ko Maratha Mandir? Ginin nake son gani, kuma dole in koma kafin la'asar.

Maman Ilham: Allah ya ƙara sauƙi. Ka je Taj Mahal mana.

Baban Sadiq: Hajiya, wannan ai Agra ne, wata uwa duniya. Ɗan Fagge, Regal za ka. Daga nan da ƙafa za ka isa Gateway of India. Ka wuce unguwar Churchgate ka ga silimar Eros ta 1938 mai jan dutse, tana yankin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihi a 2018.

Ɗan Damagaram: Maratha Mandir dai, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Mumbai Central. Ƙarfe 11:30 suke saka fim ɗin Shah Rukh Khan da ake nunawa tun 1995. Rupi 40 na biya.

Alhajin Kwari: Arba'in? Ni tafintan da ya karɓe mu ya kai ni, rupi 2,000 ya caje ni da kuɗin tasi. Shi ne kuma ya riƙa ninka mana kuɗin magani da na masauki, matata na kwance, ba na jin yarensu, ba yadda zan yi. Sai da na sa aka sayar da filina a gida. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Baban Sadiq: Allah ya saka maka, Alhaji. Amma tasin Mumbai mita gare ta.

Ɗan Damagaram: Kai da ka yi kwana huɗu kake koya mana? Wata uku na yi.

Auta: Yaya, in ka ga Shah Rukh ka ce masa Fagge na gaisuwa.

Maman Ilham: Ni abin da ke ci mini rai, su sun adana tsofaffin gidajen silimarsu. Silimar da mahaifinmu yake ba mu labarinta a garinmu yanzu rumbun ajiye kaya ce, ko hotonta ba mu da shi.

Alhajin Kwari: Wa zai adana? A da ɗan mutunci ma ɓoyewa yake in zai shiga silima.

Ɗan Fagge: To jama'a, ana barin mutum ya shiga Regal ba tare da tikiti ba?