Firiza tana daskarar da nama, gefen abinci ya daina sanyi: a ƙara gas ne?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Firji ne babba mai ƙofa biyu gefe da gefe, firiza a hagu, wurin abinci a dama, da wurin ɗibar ruwa a jikin ƙofa. Na hannu ne, ɗan Beljiyam, wata huɗu ke nan da sayensa, a Kano muke. Kusan sati biyu gefen dama ba sanyi, miya kwana ɗaya ta yi tsami, alhali firizar tana daskarar da nama. Daga cikin firizar ana jin ƙara kamar ana kankare ƙanzo, in an buɗe ƙofa sai ta tsaya. Ƙasan firizar kuma ƙanƙara ta shimfiɗe kamar faranti. Wani mai gyara ya taɓa bayansa ya ce gas ne ya yi ƙasa, ban dai amince ba tukuna. Na biyu, ruwan ƙofar ɗis-ɗis yake fitowa tun ranar da aka haɗa shi da tankin gida. Na uku, a falo yake, ina so a shigar da shi kicin, faɗin ƙofar santimita 80 ne.

Oga Mai Gyaran Sanyi:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari a huda bututun nan. Gas ba fetur ba ne da aiki zai cinye shi, a rufe yake yana zagayawa, ba ya raguwa sai in wani wuri ya fashe. Kuma in ya zube, firizar ma ba za ta riƙe nama ba.

Yawancin irin wannan firjin wuri ɗaya suke yin sanyi: wani nannaɗaɗɗen bututun alminiyam da ke bayan murfin bangon firiza, muna ce masa koyil. Fanka ce ke hura sanyinsa, wani ya tsaya a firiza, wani ya bi ta 'yar taga ta sama ya shiga gefen abinci, ya dawo ta wata kafa ta ƙasa. Kullum raɓa tana daskarewa a jikin koyil ɗin, shi ya sa aka sa masa hita a ƙarƙashi. Bayan kwamfiresa, wato injin da ke tura gas, ya yi wasu awanni yana aiki, hitar takan kama na minti 20 zuwa 30 ta narkar da ita, ruwan ya bi magudana ya sauka a faranti kusa da kwamfiresa ya bushe. In hitar ta daina kamawa, ƙanƙara za ta cika koyil ɗin ta toshe hanyar iska. Firiza tana maƙwabtaka da ƙanƙarar, sai ta ci gaba da sanyi, gefen dama kuwa shi ke fara mutuwa. Ƙarar da kake ji fukafukan fanka ne ke bugun ƙanƙara, kuma tana tsayawa in ka buɗe ƙofa ne don makunnin ƙofa yana kashe fankar.

Ka zare filogi, ka kwashe kaya da kantocin ciki, ka bar ƙofa a buɗe kamar minti 40. Ka kwance sukurorin murfin bango, ka ja shi a hankali. In ya ƙi, ka ƙara masa lokaci, don soson da ke bayansa yana manne da ƙanƙara, in ya ɓalle iska ba za ta ƙara bin hanyarta daidai ba. Akwai wayar fanka a jikinsa, ka zare ta daga mahaɗinta kafin ka janye. Sai ka ɗauki hoto kafin komai ya narke. In koyil ɗin ya lulluɓe fari fat daga sama har ƙasa, ɓangaren narkarwa ne. In dunƙulen ƙanƙara ne a kusurwa ɗaya, inda siririn bututu ya shigo, sauran kuma tsirara, to nan ne ake maganar gas ko kwamfiresa ya gaji. In raɓa ce 'yar kaɗan ta bazu daidai ko'ina, koyil lafiya lau, a duba fanka da 'yar tagar sama.

Wuƙa ko sukundireba kada su kusanci wurin. Fankar tsaye da ruwan ɗumi sun isa.

Maman Yara:
Alhaji, ai da sauƙi. A kashe shi a bar ƙofofin a buɗe kwana ɗaya cur, a shimfiɗa tsummoki a ƙasa. Sanyi zai dawo gefen biyu.

Oga Mai Gyaran Sanyi:
Hajiya, zai dawo, gaskiyarki, amma sati ɗaya zuwa biyu ne ƙanƙarar ta sake haɗuwa. Amfaninsa dai shi ne gwaji: in an narkar, sanyi ya dawo garau, an wanke gas daga zargi ke nan.

Injiniya:
Bari in ɗora a kan bayanin Oga. Abu uku ake aunawa da mita, filogi a zare, kowane a cire shi daga mahaɗinsa.

Hita: a sa mita a om, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta. Mai wat 250 a wuta 220 takan nuna kusan om 190. Ko'ina tsakanin 150 da 300 ba abin damuwa ba ne, gwargwadon wat ɗin da aka rubuta a takardar da ke manne a ciki. In mita ta nuna OL, zaren ya tsinke.

Fis ɗin zafi: ɗan ƙarami ne cikin leda, a ɗaure a saman koyil, layi ɗaya da hita. Lafiyayye yana nuna kusan sifili. In zafi ya wuce digiri 70 da ɗoriya yakan yanke, kuma in ya yanke ya yanke ke nan. A wasu tsofaffin, maimakonsa za ka ga wani zagayayye kamar maɓallin riga. Shi wannan sai yana cikin sanyi yake haɗewa, don haka a auna shi tun yana daskare, in ba haka ba ka jefar da lafiyayye.

Sensa: farar 'yar ƙwaya ce maƙale a bututu, ita ke faɗa wa bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa firjin, cewa ƙanƙara ta gama narkewa. Galibi masu 5k ne ko 10k, wato om dubu biyar ko dubu goma, a digiri 25. Ka tsoma kanta a kofin ruwa da ƙanƙara na minti biyar: mai 5k za ta hau kusan 13k, mai 10k kusan 30k. In lambar ba ta motsa ba, ko tana tsalle-tsalle, ta lalace. In duka ukun lafiya, saura bod, wannan kuma a kai wa mai gyaran bod.

Abu ɗaya kuma, wasu samfurin, kamar na Samsung masu tambarin Twin Cooling, koyil biyu gare su, kowane gefe da nasa da fankarsa. In naka irinsu ne, murfin bangon gefen dama za ka buɗe shi ma.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. An buɗe. Koyil ɗaya ne, fari fat har ba a ganin bututun, fanka ta yi wa ƙanƙara rami. Bayan ta narke na auna: hita 205, fis OL, sensa 5k da ɗan wani abu a ɗaki, amma na same ta tana lilo, ba a maƙale take ba. Takardar ciki ta ce gas ɗinsa R600a ne. Wani ya ce a haɗe wayoyin fis ɗin kawai.

Oga Mai Gyaran Sanyi:
To ga ɓarawon nan an kama. Sensa ta saki bututu, bod bai san zafi ya kai ba, hita ta zarce, fis ya yanke don kada roba ta narke. Aikinsa ya yi. In ka haɗe wayoyin, ranar da hitar ta sake zarcewa ba mai tsayar da ita, ga soso ga roba, ga R600a wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa da wuta. Ka cire tsohon ka tafi da shi wurin masu kayan firji a Sabon Gari, a ba ka mai lambar digiri iri ɗaya. Ni da za ka ji tawa, ka haɗa da sabuwar sensa mai 5k, ba tsada gare ta ba. Ka mayar da ita daidai inda maƙalinta yake, ta manne da bututu sosai, ka ƙara ɗaure ta da siririn maɗaurin roba. In sai an yanke waya, mahaɗin ya zama a rufe ruf da robar da ake ƙanƙamewa da zafi, salatif ba ya jure danshin wurin.

Farantin ƙanƙarar ƙasa kuma magudana ce ta toshe. Ramin yana tsakiyar kwarin da ke ƙarƙashin hita. Ka riƙa zuba ruwan ɗumi da sirinji ko gorar roba mai hudajjen murfi har ka ji yana zuba a baya. Ka buɗe murfin ƙasa na baya, a ƙarshen tiyon akwai roba mai baki kamar na agwagwa, datti yakan liƙe ta, ka cire ka wanke. Tunda ka buɗe, ka share raga da fankar da ke gefen kwamfiresa da burushi. Ƙurar hunturu takan yi musu bargo, kwamfiresa ya yi ta aiki ba hutu.

Bayan ka kunna, ka saita firiza a 18 ƙasa da sifili, gefen abinci a 3 ko 4, ka ba shi awa 24 kafin ka yanke hukunci. Ka gwada robar ƙofa da takardar kuɗi: ka rufe ƙofa a kanta ka ja, in ta zare salin-alin, iska na shiga ta nan, ita ma tana ƙara ƙanƙara.

Ko gaba in an zo maganar gas, R600a da sikeli ake zuba shi, giram ɗin da takardar ta faɗa, bayan an gano inda ya zube an toshe, an zuƙe iskar ciki da injin zuƙa. Ba a sa masa gas ɗin R134a, man kwamfiresansu ma ba ɗaya ba ne.

Malam Mai Wayarin:
Alhaji, ka duba wutarka ma. Ɗauke wuta da dawo da ita yana narkar da ƙanƙara rabi, ta sake daskarewa ta zama dutse a bakin magudana. Kuma wasu bod ɗin sabon lissafi suke farawa duk lokacin da aka kawo wuta, in ba ta daɗewa sai lokacin narkarwa ya yi ta wucewa. Ka sa masa stabilaiza tasa shi kaɗai, 2000VA ta wadatar, mai jinkirin minti uku zuwa biyar kafin ta saki wuta, don kwamfiresa ba ya son a tashe shi nan take bayan ya tsaya. Soket na bango mai wayar ƙasa, ban da jona shi a doguwar waya tare da hitar ruwa ko dutsen guga. Ƙaramin janareta kuwa a bar shi da fanka da fitila.

Ka karanta takardar nan kuma, akwai harafin yanayi. N iyakarsa digiri 32, ST 38, T 43. Na Turai da yawa ba a yi su don zafin Afrilu da Mayu na Kano ba, in naka N ne, wurin da za ka ajiye shi ya zama mai iska, nesa da murhu da tagar rana. Masu sayen na Amurka su kula, 115 ne wutarsu, sai da taransifoma.

Mai Aikin Famfo:
Maganar ruwa, ba firjin ba ne, ƙarfin ruwan ne. Bawul ɗinsa, wato makunnin da ke sakin ruwa, yana son aƙalla bar 1.4 zuwa 2 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). Ruwan tanki kuwa kowane mita 10 na tsayi bar ɗaya yake bayarwa, to tankin da ke kan ƙarfe mita biyar rabin bar ke nan, filta ma ta cinye shi. Ko a sa ƙaramin famfon ƙara ƙarfi mai kunna kansa a layin, ko a haƙura. In an haƙura a kashe injin ƙanƙarar ƙofa, kada ya yi ta kiran ruwan da babu. Tiyon kwata inci ne, a duba bai lanƙwashe a baya ba. Filtar da ta zo da shi daga waje a jefar, sabuwa duk wata shida, in an sa a zubar da lita biyar na farko. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ɗanɗano da laka kawai take gyarawa, ruwan ya zama na sha tun daga tushe.

Injiniya:
Shigarwa kicin: faɗinsu kusan santimita 91 ne, amma a kaikaice ake shiga da shi, zurfin kuwa 70 zuwa 75. Ka auna naka har da hannayen ƙofa, ka auna ƙofar kicin daga firem zuwa firem. Sau da yawa cire hannayen ya isa. In sai an cire ƙofofi: zare filogi, rufe ruwa, cire murfin ƙasa na gaba, ka danna zoben mahaɗin tiyon da ke ƙarƙashin ƙofar firiza ka zare shi. Sama kuma ka cire murfin hinji, ka zare wayoyi da wayar ƙasa, sannan hinjin. Mutum biyu su ɗaga ƙofar sama sak har tiyon ya fita daga ramin hinjin ƙasa. A tsaye ake tura shi, a kan kwali don tayil. In dole ta sa an kwantar, ya kwana a tsaye kafin a kunna, mai ya koma kwamfiresa.

Ka bar santimita biyar a baya da sama. In gefe ɗaya bango ne, ka bar kamar 10, in ba haka ba ƙofa ba za ta buɗe yadda durowa za ta fito ba. Ƙafafun gaba su ɗan fi na baya tsayi, ƙofa ta riƙa komawa da kanta. In ƙofar firiza ta fi ɗayar ƙasa, ƙafar hagu za ka murɗa ta ɗaga.

Mai tambaya:
Zurfin 72 ne da hannaye, zai wuce. Harafin yanayin SN-T ne, wato ya kai har T. Gobe in sha Allahu zan nemo fis da sensa. Oga, in mayar da murfin in kunna shi kafin nan, ko in bar shi a kashe?

Oga Mai Gyaran Sanyi:
Ka mayar ka kunna, Alhaji, kwana biyu ba zai tara abin da zai toshe ba. Ka dai jona wayar fanka, kuma kada ka kunna shi murfi a buɗe, iskar ba za ta kai dama ba. Ka tafi da tsohon fis ɗin a aljihu, lambar tana jikin ledar.