A duba kafin a shigar, ko a shigar sannan a duba?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Shawarata ita ce, daga yau kada kowa ya shigar da gyara cikin babban reshen manhajarmu, wato ainihin kwafinta da kowa ke ɗora aikinsa a kai, sai mutum biyu sun karanta sun amince, ko da kuwa shi ne ya kafa aikin. Hujjata ita ce abin da ya sami xz, manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024, inda wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana aiko da gyare-gyare har aka ba shi ikon shigarwa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa ta kutse cikin kwamfutoci a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Ba a ankara ba sai da injiniya Andres Freund ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, misalin naka bai kai inda kake son kai shi ba. Wani ɓangare na wannan makirci yana cikin ƙunshin manhajar da aka raba wa jama'a ne kawai, ba ya cikin ma'adanar Git inda ake ajiye gyare-gyaren manhajar, sauran kuma an ɓoye shi a fayilolin gwaji waɗanda ido ba ya iya karanta su, saboda haka da wuya bitar layi-layi ta kama shi. Kuma gyaran da ya haifar da Heartbleed, babban kuskuren tsaro a OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai a intanet, sai da aka duba shi kafin a shigar a ƙarshen 2011, amma kuskuren ya zauna har Afrilun 2014. Mu da ba mu cika tafin hannu ba, kowa da aikin da yake ci da iyalinsa, ina za mu samo masu bita biyu ga kowane waƙafi? Sabon mai ba da gudummawa zai aiko da gyara, ya jira har ya gaji ya kama gabansa.

Malam Usman: Ba dole ne doka ɗaya ta hau kan kowane reshe ba. A aikin sabar Apache, manhajar da ke isar da shafukan intanet, ana shigarwa a reshen gwaji sannan a duba, amma abin da zai shiga reshen da jama'a ke amfani da shi sai ya sami ƙuri'ar amincewa uku ba tare da mai hawa kujerar naƙi ba, kuma wanda ya ƙi sai ya kawo dalili na fasaha, in ba haka ba ƙin nasa ba ya aiki.

Malam Nasiru: Na ji, Malam Usman, sai dai "a duba daga baya" a wurinmu ya kan zama "ba a duba ba". Da zarar gyara ya shiga, wasu sun ɗora nasu a kansa, cire shi ya zama aiki, ga kuma kunya, domin a cikinmu wa zai iya ce wa na gaba da shi a gaban kowa a janye aikinsa?

Malama Hadiza: Kunyar nan tana nan ko da an ce sai an duba tukuna, sai dai ta koma danna maɓallin amincewa ba tare da an karanta ba, wanda ya fi muni tun da kowa zai saki jiki. Ni na fi son mai bita ɗaya, da wa'adin awa 72 irin na Apache, wanda idan ya cika ba a sami mai ja ba, ƙaramin gyara ya wuce. Duk abin da ya taɓa kalmar sirri, ko tsarin haɗa manhaja, ko fayil ɗin da ba a iya karantawa, wannan kam ya jira mutum biyu komai daɗewa.

Malam Nasiru: Na karɓi rabin maganar. Wa'adin ban yarda da shi ba sai an rubuta a fili abin da ake nufi da ƙaramin gyara, kuma tun da Malama ta tuno da batun ƙunshi, ina so a ƙara cewa wanda ya haɗa sigar da za a saki ba shi ne zai sa mata hannu ba.